Mancesta: Darasin Halittu a Tsohon Birnin Masaƙu

Birnin Mancesta da ke ƙasar Ingila ya shahara da masaƙun auduga tun ƙarni na 19. Masaƙun sun rufe, amma an gyara da dama daga cikin gine-ginen, sun zama gidajen kwana da ofisoshi da gidajen tarihi. Wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke ziyarta a can suna ɗauke da darasi kan yadda masana'antu ke shafar halittu.

Mai ziyara kan fara da unguwar Castlefield. Nan ne ƙarshen hanyar ruwa ta Bridgewater, wadda aka buɗe a 1761 domin jigilar kwal zuwa birnin. Kusa da ita akwai tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Road, ta shekarar 1830, wadda babu tashar fasinja da ta girme ta cikin waɗanda suka rage a duniya. Yanzu tana cikin harabar Gidan Tarihin Kimiyya da Masana'antu.

Kwal ɗin nan shi ne ya juya injuna, hayaƙinsa kuma ya baƙanta itatuwa, ya kashe gansakukar da ke manne a jikinsu. Akwai wani nau'in faɗa-wuta, fari mai ɗigo-ɗigon baƙi, da ke sajewa da ɓawon itace. A 1848 aka kama baƙi wuluk a Mancesta. Zuwa 1895 baƙaƙen sun kai kashi 98 cikin 100. Dalili kuwa, tsuntsaye sun fi hango fararen a kan baƙin itace, sai su cinye su, baƙaƙen su tsira su hayayyafa. Bayan dokar tsabtace iska ta 1956 itatuwa suka washe, fararen suka sake rinjaye. A 2016 masana suka gano sauyin ƙwayar gado da ya haifar da baƙin launin.

Zango na biyu shi ne Salford Quays, tsohuwar tashar jiragen ruwa a ƙarshen mashigin da aka buɗe a 1894. Lokacin da aka rufe ta a 1982, ruwan ya gurɓace ƙwarai: ƙwayoyin bakteriya masu ruɓar da ƙazanta sun shanye iskar oksijin, kifi ya kasa rayuwa. Aka raba ruwan tashar da na mashigin, aka riƙa hura masa iska. Yau akwai kifaye a ciki, a bakinsa kuma ga ofisoshin BBC da suka tare a 2011.

Abin lura shi ne, halittu ba su farfaɗo ba sai da aka kawar da musabbabin ɓarnar, kuma gyaran ya ɗauki shekaru masu yawa da kuɗi mai tsoka.

Aikin aji:
1. Me ya sa baƙin faɗa-wuta ya ragu bayan 1956?
2. Yaya ƙazanta ke rage oksijin a ruwa?
3. A nemi wani rafi ko kududdufi kusa da makaranta, a lissafa halittun da ke cikinsa.