Kiɗan Na'ura da Kiɗan Sana'a: Nazarin Ƙungiyar Kraftwerk Daga Maƙerar Gaya

Gabatarwa

Duk wanda ya halarci bikin aure a Gaya ko Ajingi a 'yan shekarun nan zai lura da cewa sau da yawa abin da ake fara nema kafin makaɗi shi ne janareta. Da zarar an tayar da shi, aka jona manyan sifikoki, sai kiɗan fiyano ya cika unguwa, ba tare da an ga mai kalangu ko 'yan amshi ba. Wannan sauyi ya raba kan manazarta. Wasu suna ganin abin da ke fitowa daga na'ura bai cancanci a kira shi kiɗan Hausa ba, tun da kayan baƙi ne. Wasu kuwa suna ganin duk waƙar da aka rera da Hausa ta zama ta Hausa ke nan. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ma'aunan biyu duka sun gaza, kuma abin dubawa shi ne inda makaɗi ya ɗebo sautinsa. Za a yi haka ne ta hanyar nazarin Kraftwerk, watau ƙungiyar makaɗan Jamus da ta share fagen kiɗan lantarki a duniya.

Asalin Ƙungiyar

Ralf Hütter da Florian Schneider ne suka kafa Kraftwerk a 1970 a birnin Dusaldof, wanda ke maƙwabtaka da yankin masana'antun ƙarfe da kwal na Jamus. Ma'anar sunan da Jamusanci ita ce tashar samar da wutar lantarki. Birnin bai da nisa da Kolon, inda Muryar Jamus ta fara watso shirye-shiryenta na Hausa a 1963, kuma a gidan rediyon wannan yanki ne Karlheinz Stockhausen ya yi gwaje-gwajen sautin lantarki tun shekarun 1950. An haifi Hütter a 1946, Schneider kuma a 1947, watau 'ya'yan bayan yaƙi ne. Sun tashi sun tarar da kiɗan Amurka da na Ingila sun mamaye kunnuwan matasan ƙasarsu, ga shi kuma mulkin Hitila ya ɓata wa waƙoƙin gargajiyar Jamus suna saboda yadda ya yi amfani da su. Matsalarsu ke nan: yaya Bajamushe zai yi kiɗan da ba aro ba, kuma ba komawa ga abin kunya ba?

Amsar da suka samu ita ce su saurari abin da ke kewaye da su. A faifansu na 1974 mai suna Autobahn, waƙa guda ta cinye fuska ɗaya ta faifan, ta yi fiye da minti 22, jigonta kuwa bai wuce tafiya a mota bisa babbar hanya ba. Tana farawa da ƙarar tayar da inji, sa'an nan kiɗan ya miƙe ɗoɗar, motoci suna giftawa, har mai sauraro ya ji kamar shi ne a bayan sitiyari. Faifan ya kai matsayi na 5 a jerin waɗanda aka fi saye a Amurka, alhali da Jamusanci aka rera shi. Daga nan Karl Bartos ya shigo ya tarar da Wolfgang Flür, suka cika ƙungiyar ta zama ta mutum huɗu, faya-fayai suka biyo baya: na rediyo da makamashin nukiliya a 1975, na jirgin ƙasa, watau Trans-Europe Express, a 1977, na mutum-inji a 1978, sai na duniyar kwamfuta a 1981. Ɗakin da suke aiki a ciki sun sa masa suna Kling Klang, wanda ɗalibin nahawu zai gane cewa amsa-kama ce ta ƙarar ƙarfe.

Ya kamata a ɗan yi bayanin na'urar kanta. A kayan kiɗan da aka saba, wani abu ne yake kaɗawa ya haifar da sauti: fata a ganga, tsirkiya a goge, iska a sarewa. A na'urar haɗa sauti kuwa, wutar lantarki ce ake sa wa ta riƙa kai da komo, alal misali sau 440 a daƙiƙa, sai a tace wannan kaɗawa, a ƙayyade yadda za ta tashi da yadda za ta mutu, kafin a miƙa ta ga sifika. Saboda haka mai na'urar yana iya ƙera sautin da babu wani ice ko fata da ke fitar da shi. 'Yan Kraftwerk ba su tsaya ga abin da suka saya a kanti ba, irin su Minimoog. Sun harhaɗa gangunan lantarki da hannunsu, sun kuma sa an ƙera musu na'urar da ke maimaita jerin sautuka ba gajiya.

Maƙera da Turmi

A nan ne Gaya ta shigo cikin magana. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida wuƙar da ya tafi da ita Daura, haka kuma Abagayawa suna danganta asalinsu ga wani maƙeri mai suna Kano da ya taso daga Gaya zuwa Dala neman tama. Ko ma yaya masana tarihi suka ɗauki waɗannan ruwayoyi, sun isa shaida cewa an daɗe ana jin ƙarar ƙarfe a wannan ƙasa. Wanda ya taɓa zama a bakin maƙera ya san cewa aikin yana da kari nasa: zugazugi yana numfashi a ƙasa, masaba tana sauka da nauyi, ƙaramar guduma tana amsa mata bisa uwar maƙera. Babu wanda ya kira wannan kiɗa, amma da ɗaya zai saɓa wa ɗan'uwansa da aiki ya ɓaci.

A faifan 1977 akwai wani yanki da Kraftwerk suka kira Metall auf Metall, ma'ana ƙarfe bisa ƙarfe, inda suka gina kiɗa da bugun ƙarafa don kwaikwayon ƙafafun jirgi a kan dogo. Masu sauraro a Turai sun ɗauki wannan a matsayin sabon abu. Ga Bahaushe kuwa ba sabo ba ne. Matan da ke lugude sun mayar da turmi da taɓarya kayan kiɗa, har da cilla taɓarya sama a tafa kafin a cafe. Masu daɓe sun yi haka da madaɓi, suka ɗora waƙa a kai. Har ila yau, tsarin kiɗan Hausa gaba ɗaya a kan sana'a da matsayi aka gina shi, kamar yadda Ames da King suka tattara a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari na sarki. Abin da 'yan Dusaldof suka yi, in an duba da kyau, kiɗan sana'a ne, sai dai sana'ar garinsu ita ce masana'anta da hanyar mota da layin dogo.

Wannan ne ma ya sa ɗan Ajingi da ya ci karo da kiɗansu a wayarsa zai iya jin daɗinsa ba tare da ya san kalma ɗaya ta Jamusanci ba. Zubin bai yi masa nisa ba. Gajeren kari ne ake ta maimaitawa, ana ƙara masa ado kaɗan-kaɗan, kalmomin waƙar ba su da yawa, suna dawowa kamar amshi. Mai gaggawa zai ce abu ɗaya ake ta nanatawa. Haka ma baƙo yake faɗa game da gangar noma, har sai ya riƙe fartanya ya shiga sahun gayya, sa'an nan ya gane amfanin nanatawar. Inda suke da rauni, a kunnen da ya saba da Shata ko Narambaɗa, shi ne fagen magana: babu habaici, babu zambo, babu kirari. Wanda ya je neman azanci wurinsu zai dawo hannu rabbana. Gwanintarsu tana ga tsabtar sauti da sanin inda za a yi shiru.

Tasirinsu ya kai inda su kansu ba su zata ba. A 1982 Afrika Bambaataa, baƙar fata daga birnin Niyok, ya ɗauki karin waƙar jirgin ƙasan nan ya haɗa da bugun wata waƙarsu ta 1981, ya fitar da Planet Rock. Matasan baƙar fata na birnin Ditroyit, irin su Juan Atkins da Derrick May, su ma daga nan suka ɗora harsashin kiɗan da ake kira tekno. Aron bai tafi lami lafiya ba kullum. A 1997 Moses Pelham ya yanki daƙiƙa biyu kacal daga Metall auf Metall ya sa a wata waƙa, shari'ar da ta biyo baya kuwa ta kai har kotun tsarin mulkin Jamus a 2016 da kotun Tarayyar Turai a 2019. Mai nazarin take ba zai yi mamaki ba, domin a ƙasar Hausa ma gajeren bugu yana iya zama mallakar mutum guda, kuma makaɗin da ya kaɗa taken wani basarake ga wanda ba shi ba ya san ya taro wa kansa magana.

Na'ura a Hannun Bahaushe

A 1978, shekarar da Kraftwerk suka fitar da faifan mutum-inji, Mamman Sani ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai da wani fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya, ya ɗauki kaɗe-kaɗen da ya gina bisa karin waƙoƙin gargajiyar Nijar. Kaset ɗin bai yaɗu sosai ba a lokacin, amma rediyo da talabijin na ƙasar sun yi shekaru suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake buga shi a 2013. Na'urarsa ta Turai ce, amma duk wanda ya saurara ya san daga wace ƙasa kiɗan ya fito.

A Kano hanyar ta bambanta. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinai sun buƙaci kiɗa mai sauƙin kuɗi, sai suka rungumi fiyano ƙirar Yamaha PSR, kamar yadda Abdalla Uba Adamu ya bi diddigi a rubuce-rubucensa. Karɓuwar waƙar fim ɗin Sangaya na 1999 ta tabbatar da wannan salo, wanda daga baya aka san shi da nanaye. Irin wannan fiyano ba ya buƙatar a ƙera sauti. Yana zuwa ne da ɗaruruwan muryoyi da bugu waɗanda aka riga aka shirya a masana'anta, aikin mai kiɗa shi ne zaɓe. Ga kuma kunnen da ya daɗe yana shan waƙoƙin finafinan Indiya. Sakamakon haka, da yawa daga cikin abin da ake ji a gidajen biki aro ne bisa aro: sautin Japan, karin Indiya, kalmomin Hausa. Ba a ce babu gwanaye a cikinsu ba, akwai su, kuma mafi dacewarsu su ne waɗanda suka nemo muryoyin da suka yi kusa da sarewa da kalangu da ƙwarya.

Masu cewa baƙon kaya ba ya yin kiɗan Hausa sai su tuna cewa sunan algaita daga Larabci ya zo, kuma Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. A yau babu mai kiran su baƙi a ƙofar fadar Gaya. Asarar da fiyano ya jawo ta wani wuri take. Ya yanke igiyar da ta ɗaure kayan kiɗa da sana'a, ta yadda na'ura guda take yi wa mahauci da maƙeri da ɗan siyasa kiɗa iri ɗaya. Ya kuma mayar da aikin mutum shida ko bakwai na mutum ɗaya, alhali kiɗa gado ne da gidaje suke ci da shi.

Akwai wata matsala kuma da ta shafi sashen harshe kai tsaye. Kraftwerk sun shahara da bi da muryarsu ta cikin na'ura har ta koma kamar ta mutum-mutumi, wani lokaci a miƙe ba hawa ba sauka. Jamusanci ya jure wannan domin ba harshe ne mai karin sauti ba. Hausa kuwa tana bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya da karin gaɓar ƙarshe kawai, na farko sama-sama, ta biyu sama-ƙasa. Kalangu yana iya magana ne saboda mai kiɗa yana matse igiyoyinsa a hammata ya sassauta, sautin ya bi hawa da saukar harshe, har da faɗau. Fiyano kuwa matakala ce mai tsayayyun matakai 12, manhajar gyaran murya ta Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ita ma zuwa matakin da ya fi kusa take jan muryar mawaƙi. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri yana iya ɗaukar baitoci kaɗan na nanaye, ya sa wani dattijon Ajingi ya furta kalmominsu a magana, ya sa alamar kari a kan kowace gaɓa, sa'an nan ya kwatanta da yadda suka fito daga na'ura, ya ƙirga gaɓoɓin da karinsu ya tsira da waɗanda ya juye.