Zugin Haƙori Idan An Sha Ruwan Sanyi: Darasi Ga Mai Juna Biyu

Uwargida, a watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40, kuma a Mabera kamar sauran unguwanni ruwan ƙanƙara da zoɓo mai sanyi su ne abokan hira. Idan kin kurɓa kika ji haƙori ya tsira miki kamar an soka allura, ga abin da ke faruwa.

Yadda haƙori yake

Kowane haƙori yana da ɓawo fari mai tauri. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ƙananan kafofi da suke kaiwa ga jijiya. Idan ɓawon ya zaizaye, ko dasashi ya janye ya bar saiwa a fili, sanyi yakan bi kafofin nan ya taɓa jijiyar.

Abubuwan da ke jawo shi

1. Aman laulayi. Ruwan ciki yana da tsami mai cin ɓawon haƙori.
2. Kwaɗayin tsami: tsamiya, lemon tsami, ɗanyen mangwaro da lemon kwalba.
3. Dirzar haƙori da gawayi, toka, gishiri ko buroshi mai tauri.
4. Ciwon dasashi. Juna biyu kan sa ya kumbura, ya riƙa jini.
5. Kogo ko tsagewar haƙori, musamman ga mai tauna ƙanƙara.

Ana cewa jariri ne ke tsotse haƙoran uwa. Ba haka ba ne. Sinadarin gina ƙashi yana samunsa daga abincinki, idan bai isa ba daga ƙasusuwanki. Don haka ki dage da nono, madara da ganye irin su zogale.

Abin da za ki yi

Bayan amai kada ki goge baki nan take, domin ɓawon ya yi laushi. Ki kurkure da ruwa, ki jira kamar awa 1. Ki riƙa gogewa sau 2 a rana da buroshi mai laushi da makilin mai sinadarin fuloraid. Akwai na masu irin wannan zugi, kamar Sensodyne, amma sai an yi makonni ana amfani da shi kafin a ji sauƙi. Aswaki ma a tauna shi ya yi laushi tukuna.

Kada ki sha kafso ja-da-yalo daga kemis, yana ɓata launin haƙoran jariri. Kada ki ɗora asfirin a dasashi, yana ƙona shi.

Yaushe za ki zo asibiti?

Idan zugin ya daɗe bayan sanyin ya wuce, ko ya hana ki barci, ko kumatu ya kumbura, ko zazzaɓi ya biyo, kada ki jira ranar awo. Juna biyu ba ya hana aikin haƙori, kuma wata na 4 zuwa na 6 ya fi sauƙin zama a kujerar likita. Maigida, ka taimaka ka kawo ta da wuri.

Allah Ya raba lafiya, amin.