Amsoshin Tambayoyinku: Kason Jihohi a Shiga Jami'a, Adalci Ne?

Tambaya: Malam, kullum ana cewa aikin gwamnati shi ne ta ba kowa dama daidai wa daida. To me ya sa ake ware wa wasu jihohi kaso wajen shiga jami'a, alhali jarrabawar JAMB ɗaya kowa ya rubuta? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, tsarin da kake nufi shi ne na jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari na gurabe ga waɗanda suka fi maki, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a karatun boko. Manufarsa ɗaya da ta sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana wasu jihohi ko ƙabilu mamaye muƙaman gwamnati.

Gaskiya ne jarrabawa ɗaya aka ba kowa. Amma tun 2015 a kwamfuta ake rubuta JAMB. Ka dubi yaron da ya yi firamare zaune a kan siminti, ajinsu cike maƙil, malami ɗaya, bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai da jarrabawa ta gabato. Makinsa ya auna ƙoƙarinsa, ya kuma auna makarantar da hukuma ta ba shi. Don haka ban ga laifin kason ba.

Inda nake da ja shi ne ya zo a makare. Wa ke cin kashi 20 ɗin? Sau da yawa ɗan babban ma'aikaci ne da ya yi makarantar kuɗi a Abuja, ya je ƙauyen kakansa ya karɓo takardar shaidar ƙaramar hukuma. Yarinyar da aka cire daga aji huɗu aka ɗora mata tallan fura kuwa, ko labarin kason ba ta ji ba.

Amfanin ƙa'idar ba kowa dama daidai ga mai tsara manufa shi ne ta sa ya binciki inda aka fara barin wani a baya. A nan, firamare ce. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta kuma ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata rabon kafin a sakar mata. Jihohi da dama sukan bar kuɗin jibge a hukumar UBEC mai rarraba shi shekara da shekaru, har da wasu masu cin moriyar kason.