Kwanson Harsashi Da Fitsarin Doki

A Amurka akwai maharba da yawa waɗanda doka ta yarje musu su sake cika harsashi a gida. Sukan sayi tsofaffin kwansunan da sojoji suka harba, domin sun fi sababbi araha. Kwanson dai na tagulla ne, wadda aka haɗa da jan ƙarfe kashi 70 cikin ɗari da tutiya kashi 30. A gindinsa akwai ɗan rami inda ake danna wani ƙaramin ƙoƙo mai suna firaima. Shi ne allurar bindiga ke doka, ya yi tartsatsi, albarushi ya kama.

Wahalar farko a wannan rami take. Masana'antun soja sukan matse bakinsa bayan sun sa firaima, don kada ta fice ta maƙale a cikin bindiga mai sarrafa kanta. In maharbi bai gyara bakin ba ya tura sabuwa da ƙarfi, sai ta lotse, wani lokaci ma ta fashe a gabansa. Sa'an nan firaimar iri biyu ce, duka an yi musu rajista a 1866. Ta Edward Boxer, hafsan sojan Ingila, kwansonta ƙofa ɗaya gare shi a tsakiya, don haka ture tsohuwar ba wuya. Ta Hiram Berdan, Ba'amurke, yawanci ƙananan ƙofofi biyu ne a gefe, fitar da ita aiki ne ja. Abin dariya, Amurka ta rungumi ta Baturen Ingila, ƙasashen Turai kuwa suka fi amfani da ta Ba'amurken.

Amma babban haɗarin ba ya ganuwa da sauƙi, kuma a nan ne ɗalibin nazarin halittu zai sami rabonsa. A zamanin mulkin mallaka a Indiya, sojojin Ingila sukan ajiye harsasai a bargar dawaki idan damina ta kankama. In rani ya yi aka buɗe, sai a tarar kwansuna da dama sun tsattsage, alhali ba wanda ya harba su. An daɗe ana ɗora laifin a kan sauyin yanayi. Sai a 1921 masana uku, Moore da Beckinsale da Mallinson, suka bayyana cewa iskar amoniya ce sanadi.

Daga ina amoniyar? Fitsarin doki, kamar na ɗan Adam, yana ɗauke da sinadarin yuriya. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ƙasa da kashin dabbobi suna da wani sinadari mai suna yuriyes, wanda ke farfasa yuriya ta koma amoniya da iskar kabon dayokzaid. Zarnin da ke hawa kai a turke ke nan. Ita kaɗai amoniyar ba ta isa ba. Lokacin ƙera kwanso ana ja da matse tagulla ba tare da an gasa ta ba, sai ta sandare, wani ɗauri ya zauna a cikinta, musamman a wuya inda ta riƙe kan harsashi. Idan laima da amoniya suka sami ƙarfen da ke cikin wannan hali, sukan ci iyakokin ƙwayoyinsa, ɗaurin kuma ya buɗe tsaga.

Maganin tsohon sani ne a wurin maƙeran tagulla irin na Bida, waɗanda kan mai da ƙarfe wuta idan ya taurare a ƙarƙashin guduma. Zafi yana sassauta ɗaurin. Shi ya sa ake gasa wuyan kwanso a masana'anta, kuma a kan na soja akan ga dishi-dishin launin da wuta ta bari. Gindin kuwa ba a gasa shi, don can ake bukatar tauri. Saboda wannan dalili ne kuma ake gargaɗin maharban Amurka da kada su goge kwanso da man goge tagulla mai amoniya. Kwanson da ya tsage lokacin harbi yana iya feso iska mai tsananin zafi zuwa fuskar mai bindiga.