Zaman Tudu Sai da Koyo

 Ɗana, na ji ka sayar da jirgin, har da injinsa, ka ce zaman ruwa ya ishe ka haka. Madalla. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Mahaifiyarka ta daɗe tana wannan addu'a, ga shi Allah Ya amsa mata tana da ranta.

Na kuma ji kana neman fili, wai so kake kafin damina ta kankama a ce ka yi rufi. To zauna tukuna, sha ruwa. Ba hana ka gini zan yi ba. Ranar da za a kafa ƙofar gidanka ni zan fi kowa murna. Magana ce kawai daga bakin baffanka da ya tsufa a Kumbiya-Kumbiya, ya ga gidaje sun tashi, ya ga wasu sun zube.

Ƙuruciyarka duk a kan ruwa ka yi ta. Doron Baga, tsibiran Tafkin Chadi, har Darak ta ɓangaren Kamaru. Da Baga ta rikice a watan Janairun 2015 ba ka dawo gida ba, ka bi kifi zuwa Lagdo, ka gangaro Binuwai har Ibi. Inda dare ya yi maka, nan ne gida. Tabarma, gidan sauro, tukunya ɗaya da jarkar fetur. Ruwa ya koya maka haƙuri da jarunta, ban raina ko ɗaya ba. Amma akwai wani hali da ya dasa maka wanda kai ba za ka gani ba, sai na gefe. Mutumin jirgi, in wuri ya ɓaci, igiya yake kwancewa. Kifi ya yi ƙaranci, a tashi. Sauro ya hana barci, a tashi. An yi cacar baki da wani a bakin kwata, gobe kana wani tsibirin, magana ta mutu. Wannan ba laifinka ba ne, haka sana'ar take. Tafkin kansa bai san zama wuri ɗaya ba. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, sai farin 1973 da na 1984 suka ja shi baya, har Baga ta koma nesa da gaɓa. Masunta suka naɗe komarsu suka bi shi.

Gida kuwa ba shi da igiyar da za a kwance. Abin da ka zaɓa ranar sayen fili, da shi za ka tsufa, shi 'ya'yanka za su gada. Shi ya sa nake roƙonka ka rage sauri.

Ga abin da zai ba ka dariya. Ka baro ruwa, amma a Gombe ruwa ne zai fara gwada ka. Garin nan a kwari yake. Tun 1919 da aka dawo da sarauta daga Nafada zuwa nan Gombe Doma, a ƙasan tudu muke zaune. Ruwan sama daga yamma yake gangarowa, ya ratsa unguwanni, ya nufi gabas. Ƙasarmu kuma yashi-yashi ce, ba ta riƙe kanta. Da can gonaki da itatuwa suna shanye ruwan tun daga sama. Da gari ya zama babban birnin jiha a 1996, sai aka sare, aka gine, aka rufa kwano, aka shimfiɗa kwalta. Ruwan da ƙasa take sha a da, yanzu gudu yake yi, kuma duk inda ya bi sai ya tafi da rabonsa. Shi ya haƙa kwazazzaban da kake gani a tsakiyar unguwanni. Manya ba su manta da ambaliyar watan Agustan 2004 ba, an yi asarar rayuka da gidaje. Gwamnati ta gyara wasu kwarurukan, kamar wanda ya taso daga wajen jami'ar jiha ya bi ta Malam Inna, an zuba masa kankare. Allah Ya saka. Amma ba kowane lungu aikin ya kai ba.

Don haka kada ka sayi fili da rani. A watan Maris kowane fili kyakkyawa ne, a bushe, a shimfiɗe. Ka bari sai Agusta. Ranar da aka tafka ruwa, ka naɗe wandonka ka je da ƙafarka, gani ya kori ji. Kai da kake duban fuskar kogi ka faɗi inda zurfi yake, wannan ba zai gagare ka ba. Dubi katangun maƙwabta, ruwa yakan bar zane daidai inda ya kai. Dubi inda leda da kara suka maƙale. In ka ga bishiya saiwarta a waje, ƙasar da ta rufe ta ce ta tafi, kuma saura ma tafiya za ta yi. Dillali zai ce maka, ai nan ruwa ba ya kwana. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Sai dai ruwan da ba ya kwana shi ne mai ɗiban ƙasa. In kuma ka ji kuɗin fili ya yi sauƙi fiye da na kusa da shi, ka tambayi dalili, araha ba ta ado.

Na san ranka yana nan Kumbiya-Kumbiya, kusa da mahaifiyarka. Ni ma haka nake so. Amma tsohuwar unguwa ce, ta cika, fili babu kowa a kansa ya yi wuya. Abin da akan samu shi ne tsohon gida, kuma yawanci gidan gado ne. In shi za ka saya, ka tabbata magada duka sun yarda, har da matan da suke aure a wasu garuruwa. Yaya babba yakan ce shi ke magana da yawun kowa. Bayan ka yi filasta ka shafa fenti, sai ƙanwarsu ta zo daga Kaltungo ko Bajoga ta ce ba ta da labari, kuma tana da gaskiya. Daga nan sai zaryar kotu, kai da ba ka ci ba ba ka sha ba. In kuwa bayan gari ka zaɓa, irin su Tumfure, Bomala ko Kagarawal, za ka samu sarari da iska. Sai ka lissafa kuɗin abin hawa kullum, naka da na 'yan makaranta. Kowanne da ribarsa, kowanne da harajinsa. Ba zan zaɓa maka ba.

Sai takarda. A bakin ruwa, in an yi ciniki gaban sarkin ruwa, magana ta ƙare. Nan ba haka ba ne. Gari ya cika da baƙi, musamman tun da 'yan'uwanmu na Borno da Yobe suka taho neman zaman lafiya, fili ya yi daraja, marasa tsoron Allah kuma sun samu kasuwa. Akan sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, har uku. Ka sa mai unguwa a ciki tun daga farko. A rubuta, shaidu su sa hannu, a auna a gabanka, a kafa alama a kusurwa huɗu. Sannan ka je hukumar filaye ta jiha, wadda ake kira GOGIS, a duba ko filin na wani ne, ko kan hanya yake, ko gwamnati ta keɓe wurin. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, takardar gwamnati ce take tsaya maka ranar rigima. Akwai jira, akwai kashe kuɗi. Ka jure. Kuma ka tafi da wanda ya san gari, da ɗan gari akan ci gari.

Kuɗin jirgi da inji suna hannunka yanzu, suna yi maka kallon masu yawa. Ba su da yawa, ɗana. A ruwa, in ka kashe yau, gobe koma za ta mayar. Gini kuwa ci kawai ya sani, ba ya haihuwa. Na ga mutane da dama sun zuba jarinsu kaf a bulo, gini ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito a falo, mai gida yana haya yana bin bashi. Ka raba kuɗin tun yanzu, kason jari daban, kada ka taɓa shi ko magini ya yi kuka. Da sauran ka yi ɗaki biyu, bayan gida, da katanga. Daidai ruwa daidai tsaki. Zaure da ɗakin baƙi za su zo a lokacinsu.

Inda ba a tsumulmula shi ne harsashi. A haƙa da zurfi, a ɗaga shi sama da hanya, don hanya kullum ƙara tudu take yi, gida yana komawa rami. Siminti a jiharmu ake yin sa, Ashaka tana can wajen Bajoga tun ƙarshen shekarun 1970, amma farashinsa bai san ɗan gida ba. Saboda tsadar nan wasu masu buga bulo suke ja wa buhu ɗaya yashi fiye da ƙima. Ka sa farce ka kankari bulon, in ya zubo, ka bar musu kayansu. Ranar zuba kankare kuma ka tsaya a wurin da kanka. Ba don magini ɓarawo ne ba. Aikin da mai shi yake tsaye a kai ya fi kyau, ko a jirgi ka san haka.

Ka kuma tambayi ruwan sha kafin ka tambayi wuta. Ruwan famfon garin nan daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, kuma ba kowace unguwa yake kaiwa kullum ba. A wasu tuddan, rijiyar burtsatse sai an yi nisa ƙwarai kafin a tadda ruwa. Kai da ka saba miƙa hannu ka ɗebo, ranar da ka fara ƙirga jarka a kurar ɗan garuwa za ka ji abin a ranka. Ka tanadi tanki ko babbar randa, ka tari na damina.

To duk wannan mai sauƙi ne, kuɗi da lura suna maganinsa. Mai wuyar shi ne zama da mutane. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Rabin rigimar maƙwabta a unguwar nan daga indararo take farawa. Ruwan rufinka ya zuba a katangar wani, ruwan wankinku ya kwanta a ƙofar gidansa. Kafin kafinta ya ɗora kwano, ka kira maƙwabcin ku tsaya tare, ka nuna masa inda ruwanka zai bi. Minti kaɗan ne, amma zai saya maka zaman shekaru. Ranar da aka ɓata maka rai kuma, kuma za a ɓata, ka tuna gobe da asuba a sahu ɗaya za ku tsaya. Maganar da ka yar a kwata iska ke ɗauka. Wadda ka yar a lungu tana nan, har jikoki su ji ta. Muryarka ma ka rage mata ƙarfi. Na san ƙarar inji ce ta saba maka da ɗaga ta, amma wanda bai sani ba zai ɗauka faɗa kake yi.

Ka je jana'iza ko ba ka san mamacin ba. Ka je suna, ka je ɗaurin aure. In matasa sun fito yashe magudana kafin damina, ka fito da shebur ɗinka. Ba a gina wa baƙo mutunci da siminti. Ranar da ɗanka ya kwana da zazzaɓi kana tafiya, wanda zai buga ƙofa ya kai shi asibiti, yau kake shuka shi.

Sai cikin gida, kuma a nan ka saurare ni da kyau. Matarka ta yi shekaru ita ce uwa ita ce uba. Ita ta san kuɗin makaranta, ita ta san mai shagon da ke ba da bashi, ita ta san yaron da ba ya cin kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada ka shigo da sabbin dokoki a makon farko. Tambaye ta inda take son madafa, da inda ƙofar ɗaki za ta kalla, ita za ta wuni a ciki. Yaran kuma baƙo mai tsaraba suka sani. Yanzu za su ga uba mai cewa a tashi a yi salla. In ƙaramin ya noƙe ya ɓuya a bayan uwarsa, kada ranka ya sosu. Riƙe hannunsa ku je masallaci, ku dawo ta wurin mai ƙosai. Sabo a hankali yake shiga.

Wata rana kuma, musamman in ruwa ya fara ja da baya, lokacin da ka saba kamu ya yi kyau, za ka ji gida ya yi maka ƙunci. Katanga za ta matse ka, barci ya ƙi zuwa. Kada ka ɗauka ka yi kuskuren dawowa, kuma kada ka huce a kan iyali. Dadin Kowa tana nan kusa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Je ka ga ruwa, ka gaisa da masunta, ka sayo tarwaɗa da karfasa, ka dawo kafin magariba. Nan ma sana'arka take. Ka san kifi, ka san banda mai kyau da wadda aka yi wa ha'inci, kuma Gombe tana cin kifi. In kiwon tarwaɗa ya ba ka sha'awa, ka fara lissafa kuɗin ruwa da na abincinsu kafin ka gina kududdufi.

Ka shigo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka taho da duk takardun da dillalin ya nuna maka, mu je wurin mai unguwa tare. Kafin nan kada ka ba kowa ko sisi, ko da sunan kafin alƙalami ne. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara. Allah Ya yi maka albarka.