Darasin Rani: Jarabar da Ta Fi Ƙarfin Mutum

'Yan'uwa manoma, kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu da yawa cikinmu za su nufi Kano cin rani, waɗansu dako a Kasuwar Kurmi, waɗansu ga-ruwa a unguwannin cikin birni, wata huɗu ba iyali. Domin haka za mu taɓo wata magana mai nauyi a baki.

Akwai mutumin da neman mata, ko kallon batsa a waya, ya zame masa igiya a wuya. Ya yi alkawarin dainawa har da hawaye, bayan kwana uku ya koma. Kuɗin taki su tafi, rancen ƙungiya ya gagara biya. Daɗin abin ma ya daina ji, amma bari ya faskara. Mukan ce masa jarababbe, mu wuce. Likitoci kuwa sun tsaya sun duba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon kundin cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022, ta sa wannan hali cikin ciwon kasa kame kai. Yana kama maza, yana kama mata.

Ga ma'auninsu: abin ya daɗe, kamar wata shida ko fiye, mutum ya yi ta ƙoƙari ya kasa, kuma yana ɓata masa aiki, lafiya ko gida. Ƙarfin sha'awa kaɗai ba ciwo ba ne. Saurayin da zuciyarsa ke damunsa don tunani ya gifta masa, shi ma ba ya cikin lissafin. Hira da fasto ko dattijo ta ishe shi. Mu lura da wannan, gama ana tsorata samari a banza. Kiran abin ciwo kuma bai share hakkin matar da aka cuta ba. Wanda ya taɓa yaro, ko ya yi wa mace dole, maganarsa ta hukuma ce.

Kaɗaici, damuwa, giya da ƙwaya irin su tiramadol, su ne ke hura wutar. Ɓoyewa kuwa ita ce itacen. Mai wannan hali ya fara da gaya wa mutum ɗaya mai riƙe asiri. Sannan, kafin ya koma wurin mai ɗakinsa, ya je Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata a gwada shi ƙanjamau da ciwon sanyi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, suna kuma Dawanau, can inda muke kai ridi da wake. Zuwa wurinsu ba hauka ba ne. Yawancin maganin zama ne da hira, har mutum ya gane wane lokaci, wane wuri, wane ɓacin rai ke tunzura shi, ya koyi kauce musu. Wani a haɗa masa da magani. In ya sake faɗuwa, ya koma wurin likita, kada ya bi masu tallar magani a tasha.

Ƙungiya ma tana da nata. Kada ɗan'uwa ya tafi birni shi kaɗai. A tafi biyu ko uku, a kwana wuri ɗaya. Abin da aka samu a aiko wa ma'aji kowane mako, a rubuta a littafi. Wanda waya ce matsalarsa, ya bar babbar a gida, ya tafi da ƙaramar da ba ta shiga intanet.