Darasi: Yadda ƙuduji ke gane saiwar hatsi

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata baiwa da ke ga kowane abu mai rai, wato iya jin alamar da ta zo masa daga waje, da kuma mayar da martani gare ta. Masana ilimin halitta suna cewa al'amarin hawa uku ne: akwai alamar kanta, kamar haske ko wari ko taɓawa, akwai gaɓar da ke karɓarta, sa'annan akwai aikin da jiki ke yi bayan ya karɓa.

Ga dabba abin ba shi da wuyar ganewa. Mu ɗauki farar dango, irin wadda ta sauko wa ƙasarmu a shekarar 2004. Can cikin hamada, a Tamesna da Abzin, kowace fara ita kaɗai take rayuwa, tana gudun ƴan'uwanta. Idan ciyawa ta soma bushewa suka takura wuri guda, sai su dinga gogar juna a cinyoyinsu na baya, inda waɗansu ƙananan gasu masu jin taɓawa suke. Cikin sa'o'i kaɗan halinta ya juya, mai gudun taro ta koma mai neman taro. Daga nan rundunar ke tasowa.

To, amma tsiro fa, da ba shi da ido balle hanci? A nan za mu daɗe, domin misalin da muka zaɓa yana cikin gonakinmu, daga Maraɗi har Damagaram. Shi ne ƙuduji, wanda waɗansu ke kira gaugai ko wuta-wuta.

Ƙwayar ƙuduji ƙarama ce ƙwarai, kamar ƙura, ba ta kai rabin milimita ba. Gindi guda yana zubar da dubban ƙwayoyi, kuma suna iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara 10 ba su mutu ba. Saboda ƙanƙantarta, guzurin da ke cikinta na kwana kaɗan ne. In ta tsiro ba ta tarar da saiwar da za ta kama ba, mutuwa za ta yi. Don haka ruwan sama kaɗai ba ya tsirar da ita kamar sauran haki. Sai ta sha laima da ɗumi na kamar mako ɗaya zuwa biyu tukuna, ta zama a shirye, sa'annan ta jira alama.

Alamar daga hatsin take fitowa. Saiwar hatsi da ta dawa da ta masara suna tsiyayar da wani sinadari ɗan kaɗan cikin ƙasa. A jikin ƙwayar ƙuduji akwai makarɓa da ta dace da shi kamar yadda makulli ya dace da kuba. Da zarar ya taɓa ta, sai ƙwayar ta fasa, ta miƙa ɗan zarenta. Da ya kai ga saiwar, wata alama ta biyu ta sa bakinsa ya kumbura ya manne, ya huda, ya shiga shan ruwa da abincin hatsin. Makonni yake yi yana wannan sata a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa manomi kan ga hatsinsa ya tsumbure ya yi rawaya alhali bai ga komi a gindinsa ba. Ranar da furen nan mai ruwan hoda ya bayyana, an riga an yi ɓarna mai yawa.

An fara ware irin wannan sinadari a Amurka a shekarar 1966, daga saiwar kaɗa, aka sa masa suna istirigol. Amma tambaya ɗaya ta daɗe tana damun masana, kuma mu ma ta kamata mu yi ta: don me hatsi zai yi kiran abin da ke kashe shi? Amsar ta zo daga Japan a shekarar 2005. Ashe ba ƙuduji yake kira ba. Cikin ƙasa akwai waɗansu siraran zarurruka, dangin funfuna, masu shiga saiwar tsiro su kawo masa fosfor daga inda saiwar ba ta kai, shi kuma ya ba su sukari. Su hatsi ke aika wa saƙo. Ƙuduji mai laɓe ne kawai, ya ji kiran da ba nasa ba ya amsa.

Wannan ya bayyana abin da tsofaffin manoma suka daɗe da lura da shi, cewa ƙuduji ya fi yawa a gonar da ta gaji. Idan ƙasa ta rasa fosfor, hatsi yana ƙara yawan sinadarin, tamkar mai jin yunwa da ya ɗaga murya, sai ƙwayoyi masu yawa su ji. Idan aka ƙosar da shi da takin dabbobi, ko ɗan takin zamani a ramin shuka, sai muryar ta yi ƙasa. A ganinmu abin takaici ne gonakinmu su rasa fosfor alhali ga dutsen fosfat a ƙasar Tawa.

Wanda ya san alama yana iya yaudara da ita. Kaɗa da gujiya da riɗi da wake su ma suna fitar da sinadarin da ke tayar da ƙudujin hatsi, amma ba ya iya rayuwa a saiwarsu. Ya tsiro, ya rasa mai masauki, ya mutu. Wannan shi ne amfanin sauya shuka a gona ko haɗa hatsi da waɗannan. Sai dai a kiyaye, wake yana da nasa ƙudujin dabam, ɗan gajere, wanda ba ya damun hatsi, saboda haka gonar da wannan ya yi wa yawa sai a nemi irin wake mai jure masa. Kada kuma a sa ran ganin sakamako a damana guda, tun da mun ce ƙwayoyin suna shekaru cikin ƙasa, kowace damana wani kaso ne ke farkawa.

Wanda ya riga ya fito fili, a tuge shi da hannu kafin furensa ya ɗaure ƴaƴa. Idan har ya ɗaure, kada a watsar da shi a kunya ko a zuba wa bisashe, a tara shi gefen gona a ƙone.